Inda Ake Jin Ƙararrawar Bow

Bethnal Green, Landan
9 ga Oktoba, 1961

Zuwa ga ƙanwata Lil,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki Clifford. Mu nan lafiya lau, sai ƙirjin Baba da ya fara kukansa tun sanyi bai gama shigowa ba. Maigidana Sid yana nan yana fama da dako a tashar jiragen ruwa, yau a ɗauke shi, gobe a ce ya koma gida. Yarana Terry da Brenda suna gaishe ki, wai a tambaye ki ko kina tuna kamanninsu.

Katinki ya iso. Ciki wata shida, sai yanzu muke ji, shi ma a bayan kati mai hoton furanni. To, mun gode da aka tuna da mu. Na yi murna, Lil, wallahi na yi, har na zauna a matakala ina kuka kamar wata sakara. Tsiyar da nake yi miki daban, murnar daban.

Yanzu ki buɗe kunne. Kin san tun ranar jana'izar Mama Baba bai sake kiran sunanki ba. "Matar tarho" yake cewa in maganarki ta taso. Ke ma kin san abin da kika yi. Mutum ya binne matarsa da safe, yana ba abokansa labarinta a mashaya da irin muryar da Allah ya ba shi, kika taɓa masa hannu kika ce ya rage murya mutane na kallo. Kuma da wannan maganar da aka koya miki a ofishin tarho kika faɗa, wadda ake tsuke baki kamar an sha lemon tsami. Shekara biyu ke nan yana riƙe da abin.

Da na karanta masa katin yana shan shayi, sai ya ajiye kofin ya ce, "Yaushe Lil za ta haihu?" Lil ya ce, da bakinsa. Na ce Janairu. Sai ya ce, "An gama gyaran ƙararrawar cocin Bow. Kafin Kirsimeti za a kaɗa ta."

Daga nan kuma ba a samu sararin magana ba. Shekara ashirin cocin nan tana shiru tun da bom ya sauko da hasumiyarta, yanzu ga ƙararrawa za ta dawo, ga jika na tafe. Ya dubi su Terry ya fara karatun da muka haddace tun muna yara: "Kakana, ubana, ni, uwarku, Lil, duk inda kunne ke jin ƙararrawar Bow aka yanke mana cibi. Shi ne Kokni, ɗan asalin Landan na gaske. Ba iya haɗiye rabin magana ba ne, ba iya ihu a kasuwa ba ne, wannan kowane ɗan ci-rani ma yana koya. Ko an haife ka tana kaɗawa, ko ba a haife ka ba."

So yake ki zo gida ki haihu. Ya kwashe kwandunan da ke ɗakin gaba, ya shafa farar ƙasa da hannunsa yana tari, ya ja gadon Mama zuwa jikin tagar da ke kallon cikin gari. Na ce masa ya bari mu ji daga gare ki, ko kallona bai yi ba.

Ban sani ba ko abin zai yi miki kama da shirme yanzu da kika zama matar manya. Ni dai abin da na gani na faɗa miki: tsohon nan ya buɗe miki ƙofa, kuma ba mai yawan buɗewa ba ne. Ki ba ni amsa da wuri.

Yayarki,
Hetty

*

Harrogate
20 ga Oktoba, 1961

Yaya Hetty,

Na sami wasiƙarki, na gode. Ina fata ƙirjin Baba ya yi sauƙi. Ki riƙa sa masa ruwan zafi ya shaƙi tururi, kuma ki hana shi fita da amalanke in hayaƙi ya rufe gari. Clifford yana lafiya, yana gaishe ku. Ni ma da sauƙi, ƙafafuna ne suka ɗan kumbura, likita kuma ya ce jinina ya ɗan hau. Na bar aiki tun watan jiya.

Na ji daɗi da Baba ya tambaye ni. Amma maganar zuwa gida haihuwa ba za ta yiwu ba. An riga an kama mini gado a asibitin nan. Clifford da mahaifiyarsa suna ganin, ni ma haka nake gani, gara yaron ya fara buɗe ido a wuri mai tsabta, a hannun waɗanda suka san aikinsu. Tafiyar jirgin ƙasa daga nan arewa zuwa Landan ma doguwa ce ga mai tsohon ciki. Ban ga abin da ƙararrawa za ta ƙara wa jariri ba.

In Allah ya sauke ni lafiya, da bazara za mu kawo shi ku gan shi. Ki lallaɓa Baba ki faɗa masa yadda ba zai ji zafi ba, ke kin fi ni iya shi.

Ki gaishe da Sid da yara.

Taki,
Lillian

*

Bethnal Green
25 ga Oktoba, 1961

Lil, ko Lillian, ko ma wace ce ke yanzu,

Muna lafiya, tunda al'ada ce a faɗa. Baba ba shi da lafiya, kuma ke kika ja.

Kin manta yadda ake karanta wasiƙa a gidan nan? A kan tebur, da ƙarfi, kowa na ji, tunda karatu bai taɓa zauna wa Baba ba. Yana ganin ambulan ya ce in buɗe. Bakina ya riga idona, kafin in ankara na riga na karanta "wuri mai tsabta". Na yi ƙoƙarin tsallake sauran, ya ce, "Karanta yadda ta rubuta." Na karanta har ƙarshe.

Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Tashi ya yi ya shiga ɗakin gaba, ya tsaya yana shafa bangon da ya yi wa farar ƙasa. Can ya ce, "Ƙazamai ta ce mana?" Na ce ba haka kike nufi ba. Ya ce, "A kan gadon nan uwarta ta haife ta. Me ya same ta?"

Washegari ya ja amalanke ya fita, a cikin hayaƙin da ko tafin hannunka ba ka gani. Mutumin da likita ya hana ko leƙa ƙofa. Ya cika ta da kabeji da tuffa ya tafi kasuwa ya wuni yana kiran ciniki, wai ya nuna wa duniya da sauransa. Sid ne ya turo amalanken gida, shi kuma yana biye yana dafa bango. Ga saƙonsa, ba zan ƙara gishiri ba: "In ta haife shi a can, ɗan can ne. Kada a kawo mini shi. Ba ni da abin da zan ce masa, shi ma ba zai gane abin da nake cewa ba."

Ni kuma bari in faɗi nawa, don ya daɗe yana cina. Ni na haifi biyu a gidan nan, a hannun ungozomar da kika ce ba ta san aikinta ba. Laifina ne da aka haife su ƙararrawa tana ƙasa? "'Ya'yan shiru" yake kiran su, yana dariya, su ma suna dariya, ni ce ba na dariya. Ni ke wanke masa kaya, ni ke dafa masa, ni ke tashi in tari ya sarƙe shi. Amma ɗanki da ba a haifa ba shi ne zai zama na gaske. Duk da haka na danne zuciyata na rubuto ina roƙonki, don na ga yadda fuskarsa ta washe. Ke kuma kika aiko mana da takarda kamar daga ofishin haraji.

Kumburin ƙafa wace mai ciki ce ba ta yi? Ni da cikin Brenda takalmin Sid nake sawa. Ki faɗi gaskiya kawai: kunyarmu kike ji. Ba kya so ɗanki ya buɗe baki a gaban dangin mijinki a ji unguwarmu ta faɗo.

Hetty

*

Bethnal Green
26 ga Nuwamba, 1961

Lil,

Da fatan kina lafiya. Wata guda ke nan shiru. Kullum Brenda sai ta tsaya a ƙofa ta tare mai kawo wasiƙu, har ya fara jin kunyarta.

In fushi kike da ni, ki yi, na saba. Amma Baba ya kwanta. Likita ya ja ni gefe a matakala ya ce in akwai wanda ya kamata ya zo, a gaya masa, ba ya jin ƙirjin nan zai kai bazara. Kin ce da bazara za ki kawo yaron. To, kin ji.

Bai sake ambatonki ba, ko da "matar tarho". Amma ya hana a mayar da kwanduna ɗakin gaba, kuma in aka buga ƙofa sai ya ɗaga kai.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ko da zagi ne.

Hetty

*

Harrogate
14 ga Disamba, 1961

Yaya Hetty,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Sid da yara. Yaya jikin Baba? A kwance nake, ki yi haƙuri da rubutun.

Ba fushi na yi ba. Asibiti aka kwantar da ni tun ƙarshen Oktoba, jinin ya hau sosai, fuskata ta kumbura har ba na gane kaina a madubi. Likita ya ce kada a bari komai ya tayar mini da hankali, shi ne Clifford ya ɓoye wasiƙunki biyu a aljihun kwat ɗinsa. Jiya aka sallame ni da sharaɗin ba zan sauko daga gado ba, yau ya ba ni su. Na karanta, na jefe shi da kofi. Bai same shi ba, kin san ban taɓa iya jifa ba.

Hetty, da na ce tsabta, asibiti nake nufi. Ƙarafan da ake dafawa, da likita a kusa in abu ya ɓaci. Maganar likitan ce na kwafa miki don ban so in tsorata ku. Wa ya isa ya ce gidan Mama da ƙazanta, matar da ke goge dokin ƙofa kafin ta sha shayi?

Kunya kuwa, tunda kin tambaya, bari ki ji. Ranar da na fara neman aikin tarho, matar da ke ɗaukar ma'aikata ko takarduna ba ta duba ba. Cewa ta yi in faɗi sunana da unguwarmu. Ina rufe baki ta ce, "Ba ma sa 'yan kasuwa a kan layi." Na koma gida na sa fensir tsakanin haƙora ina maimaita maganar masu karanta labarai a rediyo har muƙamuƙina ya yi ciwo. Ke kina ganina kina dariya. Da wannan muryar na ci abinci, da ita na sami ɗakin haya lokacin da aka mayar da ni aiki nan, bayan wata mai gida ta rufe mini ƙofa don na manta na yi maganar gida.

Ranar da surukata ta ji daga gabashin Landan nake, a gabana ta ce wa ƙawarta, "Ai Kokni bakinsu da sauri, hannunsu ma haka." Ta tashi ta kulle durowar cokula. Su ma fa mutanen nan in suna magana kamar ana jan buhu a ƙasa, amma tasu ce mai kyau. Shekara huɗu ina gidan nan ban saki bakina sau ɗaya ba. Na gaji, Hetty. In na tashi da safe kafin in ce wa mijina ina kwana sai na shirya harshena.

Ranar jana'iza ba kunyar Baba na ji ba. Clifford na gani a gefe ya sunkuyar da kai, tsoro ya kama ni, bakina ya yi abin da ya saba yi a wurin aiki. Na san hakan bai wanke ni ba.

In ba kowa a ɗakin, ina yi wa cikin nan magana irin tamu. Ina kira masa ciniki yadda Baba ke yi, kabeji da tuffa, har ya motsa.

Zan zo. Ba zan bari Baba ya tafi yana ganin na ce masa ƙazami ba. Ranar Laraba bayan Kirsimeti Clifford zai koma ofis, zan aiki surukata kantin magani, in hau jirgin safe. Ki sa Sid ya tare ni a tasha da yamma. Likita ya ce in na motsa jijjiga na iya kama ni, amma likitoci kullum da abin da za su ce. Kada ki rubuta wa Clifford. Ki gaya wa Baba a gyara gadon.

Ƙanwarki,
Lil

*

Bethnal Green
22 ga Disamba, 1961

Lil,

Gaisuwa a taƙaice, kowa lafiya, Baba yana nan yadda yake. Kada ki zo. Kin ji ni? Kada ki sa ƙafa a jirgin nan.

Ina gama karanta wasiƙarki, wannan karon a bayan gida ni kaɗai, na zari mayafi na tafi wurin Sista Doyle ungozoma. Da na kai kan jijjiga sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce ko za a yanka ta ba za ta karɓi haihuwarki a gida ba, kuma wanda duk ya sa ki a jirgi a wannan hali shi ya kashe ki. Kin tuna Rita ta gidan da ke kan kwanar layinmu? Ita ma ƙafa ce ta kumbura, muna yi mata tsiya. Ni na riƙe mata kai tana taune harshe. Ita da ɗan aka haɗa aka binne. Na zauna ina ce miki takalmin Sid, Allah ya yafe mini wannan bakin nawa.

An kaɗa ƙararrawar a makon nan. Duk layinmu aka fito, tsofaffi da barguna a kafaɗa, aka buɗe tagogi cikin wannan sanyin. Ni da Sid muka ɗauko Baba a kujera muka ajiye shi a tagar ɗakin gaba. Kowa ya kasa kunne. Lil, ni ban ji komai ba sai manyan motoci a babban titi. Can da iska ta juyo na ji wani abu siriri, ban sani ba ko ita ce ko kunnena ne. Baba ya ce ya ji ta tas, hawaye na bin fuskarsa. Wasu suka ce sun ji, wasu suka yi shiru don kada a ce su ba 'yan asali ba ne. A kan wannan za ki kashe kanki?

Da muka mayar da shi gado na karanta masa wasiƙarki duka, fensir da cokula da komai. Da na kai inda kika ce za ki zo, ya ce, "Ka ji 'yata." Raina ya ɓaci. Na gaya masa abin da Sista Doyle ta ce, na tuna masa Rita. Ya ce matan da ai a gida suke haihuwa. Na ce, "Baba, 'yarka kake so ko ƙararrawa? Domin ɗaya za ka samu." Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Ya dube ni, ya juya fuskarsa bango.

Tsorona wasiƙun Kirsimeti sun cushe gidan waya, kada wannan ta makara. Na so in buga wa Clifford waya ofis, an ce sun tashi hutu. Gidanku kuma ba tarho, matar tarho guda. In wannan ta same ki, ki zauna inda kike. Baba ya yi ta fushinsa, ni zan ɗauka.

Yayarki,
Hetty

*

Bethnal Green
26 ga Disamba, 1961

Lil,

Ba gaisuwa yau. Baba ya fita.

Na kai masa shayi da safe na tarar da gado ba kowa. Ya ɗauki kwat ɗin da ya sa ranar jana'izar Mama, da hularsa, da ambulan ɗin wasiƙarki mai adireshi a baya. Sid ya zaga kasuwa da mashaya. Mai sayar da jarida ya ce ya gan shi yana tambayar bas ɗin da ke zuwa tashar jirgin arewa.

Mutumin da bai taɓa kwana a wajen unguwar nan ba, ko lokacin da bom ke zuba cewa ya yi ba inda za shi. Bai iya karanta allon tasha ba. Hawa matakala ma sai ya huta a tsakiya. Na sanar da 'yan sanda, na aika muku da telgiram, ban san wanda zai riga isowa ba. Ƙanƙara ta fara sauka.

Ni na ce masa ya zaɓa. In wani abu ya same shi a hanya, ni ce.

Hetty

*

Harrogate
12 ga Janairu, 1962

Yaya Hetty,

Ina gaishe ki, ina yi mana ta'aziyya. Jikina da sauƙi, ɗinkin yana warkewa, jinin ya sauka. Yarinyar ƙarama ce ƙwarai, tana cikin kwalbar rainon jarirai har yanzu, amma tana shan nono kuma likita ya ce za ta rayu. Clifford ya gama magana da masu ɗaukar gawa, da zarar an buɗe hanyar da ƙanƙara ta rufe za a kawo Baba gida, shi zai rako shi. Kin ce in rubuta miki komai, kada in rage. To, ga shi.

Wasiƙarki wadda kika ce kada in zo, sai bayan sabuwar shekara ta iso. Telgiram ɗin kuma surukata ce ta karɓa ta ajiye, wai kada a tayar mini da hankali. Don haka ranar Laraba ban san komai ba. Na aike ta kantin magani, na sa kwat, na ɗauki jaka, motar haya na jira a ƙofa. Ina saukowa dokin ƙofa na hango wani tsoho a bakin layi yana nuna wa mai kawo madara ambulan. Hular na fara ganewa.

Jirgin da ya hau a wani gari ya ajiye shi, a bencin tasha ya kwana. Leɓɓansa sun yi shuɗi. Amma yana ganina da jaka ya buɗe murya, wadda ake ji daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan. "Ina za ki, ke mahaukaciya? Koma ciki kafin in saɓa miki." Labule ya motsa a kowace taga a layin. Na ce, "Kai ne mahaukacin, tsoho, wa ya ce ka fito a wannan sanyin da ƙirji kamar tsohon kwando?" Hetty, da bakin gida na faɗa, da ƙarfi, a tsakiyar titi. Muka tsaya muna zagin juna muna kuka. Surukata ta dawo da ƙullin magani ta tsaya kamar an dasa ta. Ya cire mata hula ya ce, "Sannu, uwar gida, ni ne uban wannan marar jin maganar." Ita ta kama shi ta shigar da shi ciki, ta ba shi kujerar da ke gaban wuta. Wannan zan riƙe mata shi.

Da yamma kaina ya fara sarawa, idona na ganin walƙiya. Mota ɗaya ta kai mu asibiti ni da shi. Ni aka hau da ni sama aka yi mini aiki, shi aka kwantar da shi ƙasa a ɗakin masu ciwon ƙirji. Likita ya ce da a jirgi abin ya same ni, da ba a yi maganar kowa ba. Don haka ki daina cewa ke ce. Ke kika tsayar da ni, da ƙafafunsa.

Ba su yarda a kai masa yarinyar ba saboda tarin, ita kuma ba a fitar da ita daga kwalba. Bai gan ta ba, Hetty. Wannan ne abin da ke hana ni barci.

Da na sami ƙarfi wata nas ta tura ni a keke zuwa wurinsa. Na tarar shi da ma'aikatan ɗakin sun kwana biyu ba sa gane juna, yana cewa a rufe taga suna kawo masa tasa. Ya ce in gaya musu su koyi magana. Ya rame, numfashinsa na fita da ƙyar. Na ce, "Baba, mace ce." Ya ce an gaya masa. Na ce, "Ba a ji ƙararrawa ba." Ya ce, "Na sani. Ba Kokni ba ce, kada ki yi mata ƙarya in ta girma." Ya huta, ya ce, "Amma jikata ce. Su Terry ma ki ce wa Hetty wasa nake yi musu." Ki gaya musu, da bakinsa ya faɗa.

Na ce ya yafe mini ranar jana'izar Mama. Ya kaɗa hannu ya ce in bar zancen. Sai ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Da wane baki za ki riƙa yi mata magana?" Na ce, "Da namu, Baba." Ya ɗan yi dariya har tari ya taso masa. Ya ce, "Ƙarya kike, a nan za ta yi makaranta. Amma na ji daɗi da kika faɗa."

Washegari da hantsi ya cika, ina sama ana canza mini bandeji.

Jiya aka bar ni na sa hannu cikin kwalbar na taɓa ta. Clifford na tsaye a bayana, da uwarsa, da nas biyu. Na buɗe baki zan yi mata magana, na rasa da wace murya zan fara, na tsaya ina shafa mata ƙafa kawai. Gobe za a sake kai ni. Ki rubuto mini da wuri, Yaya, ki rubuta yadda kike magana, ina so in karanta mata.

Ƙanwarki,
Lil